Tozon Amale

A Gadarif, bayan kasuwar riɗi,
shagon Mahasin, kujera ta uku daga ƙofa,
nan nake zama in an yi la'asar
gaban kwamfutar hayar awa biyu.
Fankar sama na kukan tsufa,
hannuna duk mai, linzamin na sulɓe min.

Kawu Ɗan'azumi ne ya ja min.
Ya ce, "Shekara talatin muna matsar man nan,
kwalbarmu tsirara, kamar marar dangi.
Ke da kika yi makaranta, zana mana tambari."
Na ce to, ban auna zurfin ruwan ba.

Mahasin ta ce, "Nan ba a jan layi kamar a allo.
Ɗigo za ki dasa, ki bar shi, ki dasa wani can,
layi shi zai nemo hanyarsa a tsakani.
Kowane ɗigo hannu biyu gare shi,
ja su a hankali, zai lanƙwasa."
Na ja. Ya lanƙwasa,
sai dai ba inda na aike shi ba.

Raƙumi nake so, namu na gida,
amalen da ke juya turmin mai
ido ɗaure da tsumma tun asuba.
Na farko ya fito kamar buta.
Na biyu, yaron mai shayi ya leƙo ta kafaɗata
ya ce, "Agwagwa ce?"
Na uku ban nuna wa kowa ba.

Ɗigo arba'in da bakwai na zuba a tozo kaɗai,
ya yi gargada kamar hanyar Doka bayan damina.
Ta ƙirga da farce, ta yi dariya ciki-ciki,
ta share, ta share, ta bar uku.
Uku rak!
Sai ga tozo ya tashi sumul.

Akwai maɓalli biyu, in ka danna su tare
kuskure ya koma kamar ba a yi ba.
Na danna su har yatsu suka haddace.
Ran da na kifar da miyar kuɓewa kan tabarmar Inna
sai na ji suna lalubensu a iska.

Ranar Laraba aka ɗauke wuta ban adana ba.
Wuyan da na yi kwana biyu ina lallashi
ya tafi ko sallama babu.
Na fita ban ce wa kowa uffan ba,
na je matsa, na zauna kan buhu.

Yana ta zagaye. Itacen na ƙara, mai na tsattsafa.
A nan na ga wuyan ba miƙewa yake ba,
sauka yake tukuna, kamar ludayi zai ɗebi fura,
sannan ya hau.
Tun ina rarrafe nake gifta dabbar nan,
ashe ban taɓa kallonta ba.

Alhamis, ɗigo huɗu suka ishi wuya.
Mahasin ta hura shi ya cika fuskar kwamfutar,
ta ƙara, ta ƙara, sai gefen leɓe kawai ake gani,
bakin layin nan kamar reza, bai dushe ba.
Ta mai da shi ƙanƙane, ƙwayar riɗi ta fi shi,
shi ne dai, da tozonsa.
Ta ce, "Hoto in kin ja shi fashewa yake.
Wannan lissafi ne, ba ya tsoron girma."

Kawu ya riƙe takardar nesa da ido,
ya juya ta, ya daɗe.
"Kunnen na jaki ne," in ji shi.
Ya manna wa kwalba goma sha biyu, duk a karkace,
ya manna ɗaya a ginshiƙin matsa,
inda mai hoton ke wucewa sau ɗari kafin azahar
da tsumma a idonsa.

Gobe zan koma wa kunnen.
Na san ɗigon da ya yi laifin.